Abin da Ke Cikin "Da Sauransu"

Litinin, 3 ga Maris

Sabuwar ma'aji ta kama aiki yau. Tsohuwar nas ce, ta yi shekara talatin da ɗoriya tana riƙe da ɗakin masu ciwon ƙirji a asibiti kafin ta ajiye aiki. Kwamitin amintattu ne suka lallaɓo ta, tunda idon tsohon ma'ajinmu ya ƙi. Ni dai na zaci irin tsofaffin nan ne da ake kawowa a cika kujera, a ba su shayi, a nuna musu inda za su sa hannu.

Ta zauna a kujerar baƙi da ke gaban teburina, ta ce in yi mata bayanin gidauniyar tun daga tushe, kamar ba ta san komai ba. Na yi. Attajirin da ya kafa ta, ciwon huhu ne ya kashe matarsa, shi ya sa ya bar dukiya don masu wahalar numfashi. An zuba dukiyar a hannun jarin kamfanoni, uwar kuɗi ba a taɓa ta, riba kawai muke ci. Da ribar muke sayen injinan numfashi muna ba marasa lafiya aro a gidajensu, talatin da huɗu ne yanzu. Da ita ake biyan Injiniya mai gyaransu, a biya haya, a biya ni. Ta ce, "Shekara nawa kike sakatariya a nan, 'yata?" Na ce bakwai. Ta ce to ashe ke ce gidauniyar, mu baƙi ne.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Sai ta buɗe jaka ta fito da rula ta katako, irin ta 'yan firamare, lambobin duk sun goge. Da ita take karatu. Ta ɗora ta ƙarƙashin layi, ta karanta, ta sauke ta layi na gaba. Takardar hayar ofis mai shafi biyu sai da ta ci mata minti ashirin. Kafin a tashi Injiniya ya laƙaba mata Mai Rula.

Laraba, 5 ga Maris

Ta shiga ɗakin ajiya ta shafo ƙura da yatsa a kan injinan da ke jiran gyara. Yatsan kawai ta nuna wa Injiniya. Mutumin da shugaban kwamiti ma ya gaji da yi masa maganar shara, yau na gan shi da tsumma da bokiti.

Alhamis, 6 ga Maris

Ta ba ni aiki, kuma ni na jawo wa kaina.

Duk wata uku dillalin da ke juya mana hannun jari yana aiko rahoto mai shafi arba'in, rubutu ƙanana kamar tururuwa. Tun shekarar da na zo, Likita, shugaban kwamiti, ya ce ba mai karanta wannan, in riƙa taƙaita musu shi a shafi ɗaya. Ni kuwa har alfahari nake da shafin nan nawa. Manyan kamfanoni takwas nake jerawa, ƙananan da suka rage in haɗe su a layi ɗaya in rubuta "da sauransu". Shekara bakwai ba wanda ya ce me ya sa.

Yau rular ta sauko har ƙasa ta tsaya cak. "Su wane ne sauransu?" Na yi dariya, na ce ƙananan ne, Mama, ba su taka kara sun karya ba. Ba ta yi dariyar ba. Ta ce a asibiti, in nas za ta miƙa aiki ga wadda ta karɓe ta, ba ta taɓa yarda a ce gado na ɗaya, gado na biyu, da sauransu ba. Wanda za a wayi gari babu, kullum a cikin sauransu yake.

Tana son sunan kowanne da abin da yake sayarwa kafin taron ƙarshen wata. Na ce to. A raina na ce tsohuwar nan ba ta da aikin yi.

Talata, 11 ga Maris

Goma sha ɗaya ne. Na ɗauko rahoton na bi su ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta. Na siminti, na sabulu, na waya, bankuna biyu, mai yin kwalabe. Ba wani abin tashin hankali.

Na tara yana da tambarin ganye kore, sunansa kuma kamar na kamfanin gona. Duk shekarun nan in idona ya gifta kansa, ganyen shayi nake ɗauka, ko taki. Na danna. Taba ce. Taba sigari, kala huɗu, har da hotunan kwalayen.

Na koma shafin riba don in kwantar wa kaina da hankali, tunda ƙarami ne. Ƙarami ne a abin da aka zuba, amma shi ya fi kowa kawowa. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da muke ci daga gare shi yake fitowa.

Na rufe kwamfuta na je na wanke kofunan shayin da na riga na wanke.

Laraba, 12 ga Maris

Ban gaya wa kowa ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Ba sai an yi mini lissafi ba, ni ke buga kasafin. Kashi ɗaya cikin biyar shi ne albashina da ɗan abin da ba a rasa ba. In aka sayar da hannun jarin nan aka sayi mai ƙaramar riba, dole a yanke wani abu, kuma a ofishin nan abubuwan yankewa ba su da yawa. Injina ko ni.

Babbar 'yata tana shekara ta biyu a makarantar koyon jinya, tana kwana a can. Shagon walda na Baban yara kuwa, yau da aiki gobe babu.

Na buga jerin. A gaban na tara na rubuta "kayan noma". Ai ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, nomanta ake yi. Na karanta sau uku, ya zauna daram. Na fitar da shi a takarda na sa a jaka.

Asabar, 15 ga Maris

Na gaya wa Baban yara da hantsi, yana zaune a ƙofar ɗaki ya baje fankar falo yana neman abin da ke sa ta kuka. Ya saurara bai ɗago ba. Ya ce, "Ke kika zuba kuɗin?" Na ce a'a. Ya ce to. Har na ji sanyi. Can da ya ɗaura sukurun ƙarshe sai ya ce, "Amma ke kika rubuta sauransu." Na ce kai da wa kake ne? Ya ce shi da fanka yake.

Da za mu ci abinci ya ce duk wanda na zaɓa shi bai da ta cewa, amma in daina kawo wannan fuskar gaban kwano, tana kashe masa ɗanɗano. Haka yake. In ya ga abu ya fi ƙarfinsa sai ya mai da shi wasa.

Litinin, 17 ga Maris

Mai Rula ta ce ba za ta sa hannu a kan injin da ba ta ga inda yake kwana ba. Muka fita mu uku da Injiniya. Gida biyar muka shiga, amma na Tela ne ya tsaya mini.

Tsoho ne, ɗakinsa a bayan shagon da yanzu ɗansa ke riƙe da shi. Gado, kujera ɗaya, tsohon keken ɗinki an lulluɓe shi da zane an ɗora magunguna a kai. Injinmu a gefen gado yana gurnani, robar ta bi ta kan kunnuwansa ta shiga hanci. In zai yi magana sai ya raba jimla biyu, ya huta a tsakiya.

Na san ta da rula, ban san ta da wannan ba. Matar da gwiwa ke ba ta wahala a matakalar ofis, ta durƙusa a ƙasa ta kama ƙafarsa ta danna da babban yatsa, ta duba farcensa, ta juya robar ta ga inda ta fara cin bayan kunne. Ta nemi auduga ta naɗe wurin da kanta. Ta kira ɗan ta ce ya janye injin daga jikin labule, yana buƙatar iska kamar mai shi. Duk a murya ɗaya, ba faɗa ba lallashi.

Tela ya ce tun yana ɗan shekara goma sha biyar ya fara shan taba, a shagon maigidansa, don kada barci ya ɗauke shi a kan keke. Bai daina ba sai ranar da zura zare a allura ya sa shi haki. Ta ce, "Baba, ka daina, shi ne magana." Ya ce tabar ce ta daina shi.

A mota na rungume jakata a cinya, takardar tana ciki. Injiniya ya yi ta zuba, ban ji ko ɗaya ba.

Talata, 18 ga Maris

Na ba ta jerin. Da "kayan noma" ɗin, yadda na buga shi.

Na tsaya a kanta ina kallon rular tana sauka. Na bakwai, na takwas. Na tara. Ta karanta, ta gyaɗa kai, ta sauke rular zuwa na goma. Shi ke nan, na tsira. Ta yarda da ni, ba ta ko ɗago ba.

Abin da ya kashe ni ke nan. Da ta yi zargi da na iya musu.

Sai na ji bakina ya ce, "Mama, koma sama." Na faɗa mata duka, har da cewa tun Talatar da ta wuce na sani, har da dalilin "kayan noma". Ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Na shirya wa faɗa. Ta ce, "Na gode, 'yata." Sannan ta ce ko na san abin da wannan zai iya jawo mini. Na ce na sani. Ta ce za ta nemi kowace hanya, amma ba za ta yi mini alkawarin da ba ta da tabbacin cikawa ba.

Wallahi na so a ce ta yi mini ƙarya, ko ta kwana biyu ce.

Alhamis, 20 ga Maris

Ta kira dillali ya zo. Na ƙudurta shi zan ɗora wa laifi, sai ga shi mutumin kirki, da kwat ɗinsa da gaisuwarsa har ƙasa. Ya ce umarnin da ke hannunsa tun zamanin mai gidauniya layi biyu ne: a tsare dukiya, a haɓaka ta. Ba wanda ya taɓa ce masa ga abin da ba a so. Kuma sunan yana cikin rahoto duk wata uku, shafi na ashirin da shida.

Mai Rula ta ce gaskiyarka, ɗana, ka yi aikin da aka sa ka, mu ne ba mu yi namu ba. Ta tambaye shi in aka sayar me zai faru. Ya ce uwar kuɗi ba za ta taɓu ba, amma abin da zai maye gurbin ba zai kawo kamar wannan ba, sai an yi haƙurin shekara biyu ko uku, kuma shi ma ba rantsuwa zai yi ba. Ta ce ta fi son mai cewa ban sani ba. Ta sa shi ya kawo jerin kamfanonin da mutum zai iya faɗin sana'arsu a gaban mara lafiya bai sunkuyar da kai ba. Na ga har wani farin ciki ya yi, ya ce ya daɗe bai samu aiki mai daɗi haka ba.

Shi da yake albashinsa ba ya cikin maganar.

Asabar, 29 ga Maris

Taron kwamiti. Su bakwai a zagaye da tebur, ni a gefe da littafin rubuta bayanin taro.

Mai Rula ta faɗa musu maganar kamfanin tabar. Wani ya ce wa ya rubuta "da sauransu" ɗin nan? Kafin in buɗe baki ta ce an ce a taƙaita ne aka taƙaita, kuma shekara bakwai amintattu bakwai suna sa hannu a ƙarƙashinsa. Ta ce wadda ta rubuta ita ce ta tono, da ba don ni ba da ita ma ta wuce shi. Ba ta ambaci "kayan noma" ba.

Likita ya yi magana, kuma ba maganar banza ba. Ya ce in muka sayar, wani zai saya kafin azahar, ko karan taba ɗaya ba zai ragu a kasuwa ba. Kamfanin ba zai san mun fita ba, amma mutum shida da ke jiran inji za su sani. Ya ce shi likita ne, ya fi kowa ƙin taba, amma mai haki ba ya tambayar inda aka samo kuɗin iska. Raina yana bayansa ɗari bisa ɗari. Na rubuta maganarsa da Hausar da ta fi wadda ya faɗa kyau.

Ita ba ta yi dogon jawabi ba. Ta ce duk abin da ya faɗa haka ne. Ta ce amma ita ta yi shekara talatin tana tsaye a bakin gado tana cewa mutane su daina. Yanzu in kowa ya ji maganarta ya daina, gidauniyarmu ce za ta yi asara. "Ba zan iya zama a kujerar da zan riƙa fatan kada a ji maganata ba."

Na ɗan tsaya da biro kafin na rubuta wannan. An ɗage zuwa mako biyu.

Talata, 1 ga Afrilu

Bakin Injiniya ba ya riƙe ruwa. Ya je canza wa Tela matatar inji ya kwashe komai ya faɗa masa. Yau da muka koma da Mai Rula duba kunnen, tun daga ƙofa Tela ya tare mu da magana. "Ashe kuɗina ne," ya huta, "ake dawo mini da su ta hanci." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da ta tallafe shi ta zaunar.

Da ya lafa ta ce, Baba, kai me ka gani? Ya ce shi bai san hannun jari ba, bai san ƙafar jari ba. Shi dai kada a ɗauke injin. Ta ce ba za a ɗauke ba, nasa ko na wani, muddin tana kujerar.

A gabana ta faɗa. Matar da ba ta yin alkawarin da ba za ta cika ba. To in ba inji ba, saura wa?

Laraba, 9 ga Afrilu

Dillali ya kawo jerinsa, biyu daga ciki masana'antunsu ba nisa. Ta ce sai ta gani da ido. Ya ce, Mama, ba a saba haka ba, takardu ake dubawa. Ta ce to a fara sabawa.

Na farkon ofis kamar otal, kujerun fata, har da kifaye a akwatin gilashi. Manajan ya kunna mana hotuna a bango, yana ta zuba alkaluma. Ta bar shi ya gama tsaf, sannan ta ce, "Nuna mini banɗakin ma'aikata." Ya zaci fitsari ne ya kama ta, ya nuna mata na ofishinsa. Ta ce a'a, na masu aiki. Aka yi ta neman mabuɗi, ashe yana aljihun mai kula da su, sai an roƙa ake ba da shi. A hanyar zuwa muka ratsa inda ake niƙa, ƙura ta turnuƙe, mutane sun ɗaure hanci da tsumma. Ba ta ma ƙarasa banɗakin ba ta juyo.

Na biyun masu yin bututun ruwa ne. Ofishin ko fenti babu, shayin ma a kofi mai tsaga aka kawo. Amma banɗakin a buɗe, da ruwa, da sabulu, sabulun kuma ya sha hannu, ba sabo aka ajiye don baƙi ba. Kowa da abin rufe hanci na gaske. Ta tsayar da wata mata mai share ƙasa ta tambaye ta shekararta nawa a nan, ta ce goma sha ɗaya.

A mota ta ce haka take gane ɗakin asibiti in an tura ta dubawa. Ba ta kallon inda aka share don ita.

Dillali ya rubuta a ɗan littafinsa. Ni ma ga shi na rubuta. Haushinta nake ji, amma ban taɓa ganin mai aiki irinta ba, kuma abin haushin ke nan.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na buga mata ƙa'idar da za ta kai taro. Abin da ba za mu saya ba: taba, caca, da duk mai sana'ar da ke lalata huhun mutane, na ma'aikatansa ko na maƙwabta. Abin da za a tambaya kafin a saya. Sannan duk kamfani a rubuta sunansa da sana'arsa cikakke, ko da rahoton zai kai shafi goma. Na gyara mata jimla biyu, ta karɓa.

Asabar, 12 ga Afrilu

Ƙuri'a biyar da biyu. Za a sayar.

Likita yana cikin biyun. Da aka ƙirga ya ce har yanzu yana ganin kuskure ne, amma kwamiti ya yanke, a miƙo masa takardar ya fara sa hannu. Ya ƙara girma a idona.

Sai kasafi. Ta bi shi layi layi. An soke kuɗin zaman amintattu, ita ta fara kawo shawarar. An soke shayin taro. Za a mayar wa mai gida ɗakin taron, a riƙa zama a ɗakin ajiya cikin injina. Duk da haka bai cike ba. Na san bai cike ba tun kafin ta faɗa.

Ba ta bar wa Likita ba, ba ta kuma ce "sauran gyare-gyare" ta wuce ba. Ta juyo ta dube ni ta ce daga watan gobe aikin sakatariya zai koma kwana uku a mako, albashi ya bi kwanakin, a sake dubawa bayan shekara. Ta ce a rubuta cewa wannan ne mafi tsadar abin da aka yanke yau, kuma wadda ba ta da ƙuri'a ce ta biya.

Ni na rubuta.

Litinin, 14 ga Afrilu

Na yi wa Mai Rula gaisuwar da ba ta kai ciki ba. Ta amsa, ba ta nemi ƙari ba. Ko lallashi. Da ta lallashe ni da na samu inda zan sauke.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Mun zauna da Baban yara mun duba ta ko'ina. Makarantar Babba ba za a taɓa ba, amma ɗakin kwanan can ya fi ƙarfinmu. Za ta dawo gida ta riƙa shiga mota biyu zuwa, biyu dawowa. Na kira ta na faɗa mata. Ta ce ba komai, Umma, dama abincin can ya ishe ni. Muryar ubanta sak. Na san tana son ɗakin nan, ita da ƙawayenta uku suke karatu tare.

Wannan ne ban yafe ba. Ban san wa ban yafe wa ba.

Laraba, 23 ga Afrilu

Injiniya ya sake yoyo. Wai tun washegarin taro Mai Rula take yawo da takardar bayanina a jaka, tana neman mini aikin kwana biyu. Ta je wani kantin magani, ta je makarantu biyu, ta je wurin tsofaffin abokan aikinta. A motar haya, da gwiwar nan. Ko'ina sai a ce babu gurbi. Ta hana shi faɗa mini, don kada in sa rai.

Da ta shigo na lura tana jan ƙafar hagu. Na kawo mata kujerar da ta fi tsawo, na ce waccan ta fara girgiɗi. Ta dube ni, ta dubi kujerar da ba abin da ya same ta, ta zauna.

Laraba, 30 ga Afrilu

Dillali ya bugo, an sayar. An sayi na masu bututu da wasu biyu.

Wasiƙar rage mini kwanaki ni na buga ta, wa zai buga? "Zuwa ga sakatariya." Na kai wa Likita ya sa hannu, na dawo na sa ta a ambulan, na rubuta sunana a baya, na miƙa wa kaina. Injiniya ya ce in sa hannu cewa na karɓa, kada in zo in yi musu. Na jefe shi da abin goge biro.

Alhamis, 8 ga Mayu

Alhamis ta biyu a gida. Ban saba ba. Na yi wanki, na yi guga, na duba agogo ƙarfe goma sha ɗaya ba ta yi ba.

Babba ta dawo da kayanta jiya, akwati biyu da katifa. Ƙannenta sun matsa mata a ɗaki, littattafanta a kan firji don babu inda za a sa. Yau tun da sassafe ta fita don ta samu motar farko. Na ba ta kuɗin mota, ta ƙirga, ta mayar mini da canji. Na shiga ɗaki don kada ta ga idona.

Aikin kwana biyun bai samu ba. Wataƙila ba zai samu ba.

Baban yara ya dawo cin abincin rana ya same ni zaune ban kunna ko rediyo ba. Ya wanke hannu, ya ci rabi, sannan ya ce, "In aka mai da ke ranar nan, Mai Rula tana karantawa ta wuce na tara, me za ki yi?" Na ce shiru zan yi mana. Na ce da na san haka za ta kasance, da ko da wasa ban buɗe baki ba, da yanzu yarinyata tana ɗakinta, ni ina ofis. Na faɗa da ƙarfi, har da buga cokali.

Ya gyaɗa kai ya ci gaba da cin abincinsa. Bai yi musu ba, bai yi wasa ba. Sai da ya tashi zai koma shago ya tsaya a bakin ƙofa yana murmushi shi kaɗai.

Shekara ashirin da biyu muna tare. Ya san muryata in ina ƙarya.